Ɗakin da Muka Gina a Wajen Shinge

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni.

Duk wanda ya san ni a Bichi ya san ni ba mutumin tafiya ba ne. Mamman magini ake ce mini, a bakin kwaɓi na tashi, karatuna bai wuce allo da 'yar firamaren da ban ƙarasa ba. Ko cikin birnin Kano aka ba ni aiki, rana na yin sanyi zan nemi motar gida, don barci ba ya yi mini daɗi in ban yi hira a zaurena ba. To sai ga ni a Sudan, cikin ayarin masu sana'a da wata ƙungiyar agaji ta kwasa aikin sa-kai. Ba albashi, ci da sha ne da wurin kwanciya, sai lada in Allah ya karɓa. Limaminmu ne ya ba da sunana, ni kuma kunyarsa ta hana ni cewa a'a.

A Hartum aka fara yi mana maraba irin ta tasha. Muna tsaye da kayanmu muna jiran motar Gadarif, sai ga wani dogo da farar jallabiya. Ya ji muna Hausa, ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, wai kakansa Bakatsine ne, jininsa ya motsa. Ya saya mana shayi, ya ce bari ya kai mana kaya masu nauyi wajen yaron mota kada a yi mana wayo. Ya saɓi jakar Habu kafinta, mai zarto da guduma da duk abin da Habu ya mallaka na sana'a. Har yau yana kai ta.

Habu Bazazzagi ne, abokin wasana, tun a jirgi muke tsokanar juna. Na ce, "Kai ne kake cewa ba a yi wa Bazazzagi wayo?"

Ya ce, "Shayin ne ya ruɗe ni. Kai Bakano tun da muka haɗu ka taɓa saya mini ko ruwan sanyi?"

Muka yi dariya, amma idonsa ya yi ja.

Zamanin kuwa na gwamnatin soja ne masu yawan kabbara. Ko'ina ka duba allo ne da aya da kiran jihadi, ko'ina kuma shinge. Kowane shinge sai mun sauka mun nuna takardar izinin tafiya. Wajen Madani aka sauke wasu samari daga motarmu aka wuce da su aikin soja na dole. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga na yi tsuru-tsuru, ta kwance bakin mayafinta ta zuba mini dabino a hannu, ta faɗi wata magana da Larabci. Ban ji ba, amma na gane.

Gadarif garin dawa ne da riɗi. Ban taɓa ganin hatsi tuli irin na kasuwar nan ba, buhu kan buhu har ya tare rana. Abin da ya fi ba ni mamaki, Hausa ce ke tashi ta kowane lungu, amma Hausa kamar fate: ga ta Sakkwato, ga ta Kano, ga ta Damagaram, an barbaɗa Larabci a kai. Mutum zai ce maka, "Ya zol, ka kwana tamam? Jama'a kwayyis?" Ni kuwa kunnena ba ya barin magana ta wuce, nan da nan na fara tsinta. A kasuwar ne wani tsohon kafinta ya ji abin da ya sami Habu, ya jawo akwatinsa ya ware masa zarto da guduma da kurfi, ya ce, "In ka gama ka dawo da su. In ba ka dawo ba, ai ba kai ka fara ba."

Jami'in ƙungiyar a can Ustaz Ɗayyib ne, Balarabe mai fara'a da sauri. Shi ya raba mu ƙauyuka. Ni da Habu da wasu magina aka ba mu Hillar Jatau, wani ƙauyen Hausawa can ta wajen gonakin Simsim. Ya dubi furfurar gemuna ya ce ni ne shugaba. Na ce wa mai fassara ya gaya masa ban taɓa shugabantar kowa ba sai 'ya'yana, su ma uwarsu suke jin magana. Ya yi dariya ya ce, "Halas, ya Usta." Wato magana ta ƙare. Usta shi ne babban magini a bakinsu, sunan kuwa ya bi ni.

Aikin ɗakin shan magani ne da karɓar haihuwa, ciki biyu da baranda, na jan bulo da rufin kwano. Amma da sharaɗi. Ƙasar wajen baƙar laka ce, da rani ta tsattsage kamar ƙafar manomi, da damina kuma, wadda suke kira karif, ko tarakta sai ta nutse. Ruwan fari na sauka hanya ta rufe sai kaka. In ba mu rufa ɗakin kafin nan ba, Ustaz Ɗayyib ya ce kwano da akwatin magani wani ƙauye za a kai, Hillar Jatau ta jira rabonta.

Da muka isa, abin da na fara lura da shi shi ne babu gini ko ɗaya a garin. Ba na bulo ba, ko na ƙasa. Bukkoki ne na ciyawa masu tsini, masallacin ma na zana ne, an kewaye garin duka da shingen ƙaya. Ga itatuwan dalbejiya manya-manya, alamar an daɗe a wurin. Ga mutane da tarakta da shanu da rumbunan riɗi, ba talauci ba ne. Na ce a raina lakar ce ba ta riƙe bango, na wuce.

Mutum uku ne zan ambata. Shehu Haruna, tsoho tukuf, ɗan Malam Jatau da ya kafa garin, shi ne liman shi ne uba. Ɗansa Usmanu, shugaban kwamitin gari da gwamnati ta kafa, shi ya yi ta sintiri Gadarif har aka ba su aikin. Sai Batulu ungozoma, mace mai faɗa da kirki, ta yi koyon aikin a asibitin Gadarif, amma ba ta da inda za ta kwantar da mai naƙuda sai bukka mai yoyo. Karif ɗin da ya wuce 'yar ƙanwarta ta rasu a bayan tarakta, laka ta riƙe su a hanya, haihuwa ta gardama. Ita ta ba ni labarin da bakinta ranar da muka sauka, tana zuba mana shayi, ba ta yi kuka ba.

Usmanu ya zaɓi fili a tsakiyar gari, jikin masallaci. Ranar kafa turaku aka taru, maza a gaba, mata can baya. Na ja igiya, na buga turke, aka ce Usta ya yi addu'a. Na ɗaga hannu na yi irin wadda muke yi a gida duk sanda aka sa harsashi. Na ce Allah ya sa gini ne na zama daram, Allah ya sa a tsufa a gindinsa, 'ya'ya su gada, jikoki su gada, kada Allah ya tashe ku daga nan.

Samari suka ce amin. Amma amin ɗin ba ta da nauyi, kamar an yi miya ba daddawa. Na saci kallo, na ga tsofaffin sun sauke hannuwa ba su shafa ba. Shehu ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, "Sannunku da zuwa, baƙin Allah," ya tafi.

Tsarin aikin, mu ne masu hannu, gari ne zai ba da ƙarfi. Gayya suke kira nafir, an ce in aka kira ta a wajen nan ko makaho sai ya fito. Washegari muka fito da diga da shebur, ba kowa sai Usmanu da 'yan samari, su ma in sun hango dattijo tafe sai su tuna da wani aiki a gona. Jibi ma haka, gata ma haka. Ba wai gaba ake da mu ba. Hantsi na yi za a kawo mana kisra, wata waina ce mai faɗi ta dawa, da miyar kuɓewa busasshiya, a bi da shayi, a yi mana sannu har ta ishe mu. Amma shebur, babu mai taɓawa.

Muka yi ta haƙa mu kaɗai. Lakar nan da rani ƙarfe ce, kuma dole a yi zurfi a zuba yashi da tsakuwa, in ba haka ba bango ya tsage tun bai shekara ba. Hannuwanmu suka yi kanta, kantar ta fashe. Nan kewar gida ta taso mini gadan-gadan. In na ga kisra sai in tuna tuwon matata Hajara da miyar kuka, in rufe ido in ji muryoyin 'yan hirar zaurena. Wata rana bayan azahar na zauna bayan bukka ina share ido, Habu ya same ni.

Ya ce, "Shugaba, ƙura ce?"

Na ce, "Ƙura ce."

Ya ce, "Ƙurar Bichi ko? Mai ƙarfi ce, tun daga can take shiga ido." Ya zauna kusa da ni.

Mun kusa gama ramin harsashi sai ga Ustaz Ɗayyib. Ya ga inda muke, ya nuna gabas, wajen ƙasar Habasha, inda gajimare ya fara taruwa da yamma. Usmanu ke fassara, ransa a ɓace. Suka ce abin mai sauƙi ne: kwamiti na da iko, a rubuta sunan duk magidancin da bai fito ba a kai hukuma. A zamanin nan kuwa ba wanda ke son sunansa ya je hukuma. Ko kuma a kwaso leburori daga kasuwar Gadarif a gama a wuce wurin. Suka dube ni, wai ni ne shugaba.

Na ce a ba ni zuwa la'asar. Na nufi wajen Batulu, na tarar tana shanya tsummoki. Na gaya mata.

Ta ce, "Usta, in kuka gina shi da dole, kun gina wa jemagu. Ba matar da za ta tsallake maganar Shehu ta shiga. Za su haihu a bukka, mai mutuwa ta mutu."

Na ce, "To Yaya Batulu, me Shehun ya ce?"

Ta ce, "Bai ce komai ba. Ai shi ne maganar."

"Ke ba za ki gaya mini dalili ba?"

Ta yarfe tsumma ta ce, "Ba a bakina ya kamata ka ji ba. Kana da ƙafa, kana da surutu. Je ka zauna."

Na koma na ce wa Ustaz Ɗayyib ba za a kai sunan kowa ba, ba kuma za a kawo leburori ba, ya ƙara mini 'yan kwanaki. Ya ce kwanakin ba nasa ba ne, na sama ne. Amma ya yarda.

Daga ranar, kullum aka idar da la'asar sai in bi Shehu zuwa inuwarsa. Yana zaune kan gadon igiya, ana dafa masa gahawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Ban taɓa ta da zancen gini ba. Abin da na iya na yi, wato hira. Na ba shi labarin kasuwar Bichi ranar Juma'a, da yadda ake cin gyaɗa sabuwa, da rigimar da na sha da wani attajiri kan katanga. Shi kuwa tambaya yake kamar yaro. Har yanzu ana rini a Kano? Da gaske kuka na yin girman da mutum zai ɓuya a cikinta? Ashe bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, a hanya aka haife shi, a Wadai.

Cikin hirar nan kunnena ya fara kama wani abu. In zai yi maganar baɗi sai ya ce, "in ba mu tashi ba." In ana zancen gyaran rijiya sai ya ce, "ta kai mu zuwa mu wuce." Mutumin da ya tsufa a wuri har jikokinsa sun yi jikoki. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Allah gafarta Malam, wai ina za ku?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina alƙibla. Ya ce, "Makka mana, ɗana."

Sannan ya warware mini. Mahaifinsa ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa bayan zuwan Nasara, da jama'arsa, da niyyar hajji. Su yi noma wuri shekara biyu su ƙara gaba, har suka iso nan guzuri ya ƙare, suka ce bari a yi damina ɗaya. Damina ta haifi damina. Malam Jatau ya rasu a nan, wasiyyarsa ɗaya ce: kada ku yi ginin da zai riƙe muku ƙafa. Mai bukka matafiyi ne, ko yau aka kira shi ya tashi, in kuma ajali ya riske shi, a hanyar ɗakin Allah ya mutu, da ladansa. Wanda ya ɗora tubali kan tubali kuwa ya sauke niyya.

Na ce, "To Baba, ga teku nan ba nisa, me ya hana?"

Ya ce, "Duk shekara in an sayar da riɗi muna cewa bana. Sai aure ya taso, sai ciwo, sai takarda ta ƙi fita. Wasu sun je, sun dawo wajen iyali. Saura ba a kira mu ba tukuna." Ya kurɓi gahawa, ya yi murmushi. "Kai kuma ranar nan ka ɗaga hannu a gaban masallacinmu, ka roƙa mana kada Allah ya tashe mu."

Na ce, "Wallahi Baba a gida ita ce addu'ar gini."

Ya ce, "Na sani, shi ya sa ba wanda ya ji haushinka. Amma amin ba abin wasa ba ce."

Na je na sami Usmanu da zancen, ashe shi ma da nasa ciwon. Ya ce, "Usta, a nan aka haife ni, a nan na binne uwata. In na je neman takardar ɗan ƙasa sai a ce mini Fallata, baƙo, kawo shaidar kakanka. Su Baba suna cewa mu matafiya ne, hukuma ma tana cewa mu matafiya ne, to 'ya'yana 'yan ina ne? Ina son gini a tsakiyar gari da allo mai sunan gari, ko banza a san muna nan." Shi ma dai gaskiyarsa ce.

Ni ba malami ba ne da zan ja da Shehu a kan niyya, ba kuma ɗan siyasa ba ne. Washegari na zauna gabansa na faɗi iyakar abin da ke cikina. Na ce, "Baba, ban ƙetaro ƙasashe don in sauke muku niyya ba. In ka ce a bari, gobe mu naɗe igiya, kuma ba sunan wanda zai je hukuma, na yi alkawari. Amma karif ga shi nan, akwai masu ciki a garin nan, Yaya Batulu kuma ba ta da inda za ta sa su. Ni dabarata ta ƙare. Kai ne uba, ka nemo mana."

Ya ce, "Yarinyar nan ta bara, ni na yi mata salla." Na tashi na tafi.

Da safe ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye da sanda, ya ce mu taka. Muka bi ta tsakanin bukkoki a hankali, muka fita ƙofar shinge, har bakin hanyar da motocin gona ke bi, inda leburori ke wucewa da ƙunshinsu a ka. Akwai wata rumfa a wurin da randuna biyu na ruwa da moɗa, kullum ina ganinta ban taɓa tambaya ba.

Ya ce, "Mahaifina ya kafa randunan nan, kullum sai an cika su. Ba namu ba ne, na mai wucewa ne. Mu ma rijiyoyin waɗansu muka sha har muka iso, waɗanda suka haƙa ba su zauna ba. Matafiyi ba ya gina wa kansa, amma yana bar wa na baya." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Nan za ka gina. Wajen shinge, ƙofa na kallon hanya. Kada a rubuta sunan garinmu. Kuma ba a korar kowa, Bahabashe ne, makiyayi ne, mutumin kudu ne, mai salla da marar salla. In matanmu sun shiga, sun shiga ne kamar kowane mai wucewa. In ka yarda, gobe nafir."

Na yarda a wurin, ban shawarci kowa ba, don na ga in na ce sai na yi tunani ƙofar za ta rufe. Sai da na juyo na tuna da ramin da muka kashe hannuwanmu a kansa.

Nan na ɗanɗani shugabanci. Na tara abokan aikina na gaya musu ramin nan ya tashi a banza, sabo za mu fara, ga hadari a kanmu. Ɗaya ya jefar da hularsa ya ce shi ba jaki ba ne. Wani ya ce tun farko an yi kuskure da aka ba mai surutu shugabanci. Ban tare su ba, na bar su suka zazzage, don suna da gaskiyar jin zafi. Da suka lafa na ce, "Duk abin da kuka faɗa na ji. Ramin can da hannunmu muka yi shi mu kaɗai. Wannan in Allah ya so da hannun gari za a yi. In gari bai fito gobe ba, ku tuɓe ni ku naɗa Habu."

Habu ya ce, "A'a, ku rufa mini asiri. Ramin can dai a bar shi, a sa masa suna Rijiyar Bakano, a riƙa kawo yara suna gani." Aka yi dariya ba don ana so ba, amma an yi.

Ustaz Ɗayyib ya yi ta kaɗa kai da ya ji, daga baya ya ce shi dai ɗaki aka ce ya kawo, ba a ce masa ciki ko wajen ƙaya ba. Usmanu ne abin ya fi yi wa ciwo. Ya ce, "Ka zaɓi tsofaffi, Usta."

Na ce, "Batulu na zaɓa."

Ya juya ya tafi.

Gari na wayewa, bayan sallar asuba, Shehu ya yi magana ɗaya a masallaci. Kafin rana ta ɗaga bakin hanyar nan ya cika. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Maza suka jeru tun daga tsakiyar gari har wajen shinge, bulo na tafiya hannu da hannu kamar ruwa a kwata. Mata na jigilar ruwa, tsofaffi na tankaɗe yashi. Ramin da ya ci mu makonni, suka haƙa irinsa kafin mu gama mamaki. Wasu leburori Habashawa da ke wucewa suka tsaya shan ruwa, aka gaya musu ɗakin na kowa ne, suka ajiye ƙunshinsu suka ɗauki kwanon sarki har yamma. Shehu na zaune kan gadonsa a rumfar randuna, bai taɓa bulo ko ɗaya ba, bai kuma tashi ba. Usmanu bai zo ranar farko ba. Rana ta biyu sai ga shi da tarakta cike da tsakuwa, ya juye ya koma ɗebo wata, bai dube ni ba. Har na baro ƙasar gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu in matasan magina sun tambaye ni yadda ake riƙe mutane, ba ni da dogon bayani. Na je da tunanin shugaba shi ne mai amsa a baki. A can na ga wani lokacin aikinsa ya je ya zauna a inuwar wanda ya ƙi, ya sha gahawa mai ɗaci, ya faɗi gaskiya cewa dabararsa ta ƙare. Sannan in amsa ta fito daga bakin wani, ya ɗauke ta, ya tsaya a sha zagin a kansa.

Gini na kaiwa linta iska ta sauya, ta fara kawo ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Kullum da yamma gabas ta yi baƙi, walƙiya na wasa can ƙasa-ƙasa, mu kuwa ko hutun azahar mun daina. Habu ya hau sama da zarto da gudumar aro, yana buga ƙusa yana zagin Kanawa don kada barci ya ɗauke shi. Ranar da ya buga kwano na ƙarshe, Ustaz Ɗayyib ya iso da akwatin magani da gadon ƙarfe, ya ce jibi zai turo mota ta kwashe mu. Ko shafen waje ba mu gama ba.

Motar ba ta zo ba, ruwa ya riga ta. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama kunu. Bukkar da aka sauke mu ta fara zuba, Shehu ya aiko a ce mana ai mu ma masu wucewa ne, mu kwashe tabarminmu mu shiga ɗakin. Ni da nake ƙirga ranar ganin Hajara, ga ni zaune a ginin da na yi da hannuna ina jiran ƙasa ta sha ruwa.

Muna nan wata rana da hantsi, ana yayyafi mai ƙarfi, muka ji hayaniya a hanya. Wasu mutane ne tafe cikin laka har gwiwa, ɗauke da mace a kan gadon igiya. Daga wani sansanin leburorin gona suke, ba Hausawa ba ne, ba wanda ya san su a garin. Sun ji an ce akwai ɗaki a bakin hanya. Kafin su ƙaraso Batulu ta fito daga shinge da gudu, zani a ɗaure, wasu mata biyu na biye da ita da tukunyar ruwan zafi.

Ta leƙo ta gan mu ta ce, "Ku kuma me kuke jira? Waje!"

Muka kwashi tabarmi muka koma baranda, mu da mijin matar, wani siriri da ke ta rawar sanyi. Ba ma jin yarensa, ba ya jin namu. Habu ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa masa. Muka zauna ruwa na dukan kwano. Azahar ta yi muka yi salla a nan, shi yana gefe ya haɗa hannuwa yana tasa addu'ar. Ana gab da la'asar muka ji kukan jariri, siriri amma da ƙarfi. Mutumin ya miƙe, ya koma ya zauna ya rufe fuska.

Can ƙofa ta buɗe, Batulu ta fito tana goge hannu. Ta yi wa mijin alama da kai cewa duka biyun lafiya. Sannan ta juyo kaina.

Ta ce, "Mace ce. Usta, kusurwar gabas tana ɗiga, dab da kan gadon. Sai da na tara kwano."

Na dubi Habu, Habu ya dubi sama.

Ta ce, "Kada ku tsaya kallon juna. Ruwa na tsagaitawa ku hau, akwai wata a cikin gari watanta ya kama."